Yadda ake haɗa wa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 garejin wasa a gida

Duk wanda ya ratsa wajen masu kayan wasan yara a kasuwar Wunti da ke Bauchi gab da Sallah ya san fakitin nan: guduma ta roba, zarto, filaya, sukudireba da sifana, an jera su a kan kwali an rufe da leda, wani lokaci har da hular kwano 'yar rawaya. Yaro na gani sai ya kafe, uba ya sa hannu a aljihu. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Ranar farko ko abinci sai an yi da gaske. Rana ta biyu gudumar ta sauka a gilashin talabijin ko a tsakiyar kan ƙaninsa. Kafin mako ya zagayo zarton yana ƙarƙashin gado, sifanar kuma ta bi shara.

Ba rashin jin yaron ba ne. An ba shi kayan aiki ne ba a ba shi aikin yi ba. Mai sifana noti yake nema, in bai samu ba zai nemo wa kansa abin kwancewa, kuma abin da zai zaɓa ba zai yi muku daɗi ba. Don haka sayen fakitin shi ne ƙaramin aiki a cikin wannan bayani. Babban aikin shi ne samar da abin da ya lalace, da kuma wanda zai kawo gyara.

Mataki na 1: Ku fara duba hannun yaron, da sauran yaran gidan

Ku miƙa masa robar man shafawa da babu komai a ciki, a ɗan ɗaure murfin kaɗan, ku ce ya buɗe. Yawancin yara suna iya murɗa murfi ko hannun ƙofa tun suna wajen shekara 2 da rabi. In ya buɗe ya kuma mayar, ya isa wasa da noti. In har yanzu ja yake yi da ƙarfi ko ya kai baki ya ciza, a fara shi da guduma da manyan murafe, a jinkirta sauran. Ɗan shekara 3 bugu da murɗawa yake so. Ɗan shekara 4 ya fara son labari a cikin wasan, shi ne bakanike kai ne mai mota. Ɗan shekara 5 kuwa so yake abin ya kwance da gaske ya kuma haɗu da gaske, yana ganin na ƙarya zai raina shi.

Sai a waiwayi gidan. A gidajenmu da wuya a ce yaro shi kaɗai ne a tsakar gida. Akwai mai rarrafe, akwai ɗan kishiya ko ɗan maƙwabta da ake ajiyewa. Kayan da aka saya don ɗan shekara 4, bakin ɗan wata 10 za su ƙare. Da mafi ƙanƙantar yaron gidan za a auna haɗari, ba da mai kayan ba.

Awon da masu gwada kayan wasa a Turai da Amurka ke amfani da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin milimita 31.7, wato inci 1 da kwata. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya, ana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Ku je wajen masu sayar da kayan famfo su yanko muku guntun fayif na inci 1 da kwata, tsawon ɗan yatsa, ku ajiye shi a gida. Ku jefa murfin robar lemo a ciki ku ga yadda zai wuce salin alin. Daga ranar za ku daina barin irinsa a ƙasa.

Mataki na 2: Sayayya

Kada a sayi mai yawa. Guduma, sifana, sukudireba da manyan noti na roba guda uku ko huɗu sun wadatar. Fakitin da aka cika da abu 30, rabinsa tarkace ne da za a yi ta tsinta a shara.

Ku roƙi mai kaya ya buɗe ɗaya, in ya ƙi ku ƙara gaba. Ku ɗaura notin a kan sandarsa ku murɗa har ƙarshe. In yana tsallake zare ko yana cijewa a hannun babba, yaro ba zai iya ba, kuka kawai zai jawo. Ku sa sifanar a kan notin ku ga ko bakinta ya kama shi. Abin mamaki, akwai fakitin da sifanarsa ba ta dace da notinsa ba sam, ado kawai aka yi. Ku ɗan lanƙwasa hannun gudumar: roba mai kyau takan ba da kai ta dawo, marar kyau takan yi fari a wurin lanƙwasar, gobe nan za ta karye ta bar tsini. Ku bi gefe-gefen da yatsa don jin kaifi. Ku sansana, in wari irin na kalanzir ko ƙonanniyar taya ya buge ku, a bar shi. Araha ba ta ado.

A bayan kwalin akan ga wani jan da'ira da fuskar jariri a ciki, an rubuta 0-3 an ja layi a kai. Ma'anarsa kayan ba na wanda bai kai shekara 3 ba ne. Akan kuma ga CE ko EN 71, alamar ƙa'idar kayan wasa ta Turai. Samun alamar ya fi rashinta, amma buga tambari a kwali ba wuya gare shi ba, gwajin hannunku ya fi abin dogaro.

Na gwanjo sau da yawa sun fi sababbin ƙwari, har akan ci karo da masu tambarin Bosch ko Black+Decker da aka ƙera don yara. A duba ko wani ɓangare ya ɓalle, a wanke da ruwa da sabulu, a shanya a inuwa. Wanda fentinsa ke ɓarewa kada a ɗauka ko kyauta ne.

Yanzu maganar masu batir, injin huda na wasa mai juyawa da ƙara da fitila. Yara na son sa, ni ma ban ce kada a saya ba, amma abin da yake yi wa yaro kaɗan ne: danna maɓalli ne kawai, injin ne ke wasan, yaron na kallo. In za a saya, a juya shi a duba ɗakin batir. Dole murfin ya kasance da sukuru aka ɗaure shi, ba irin wanda ake zamewa da babban yatsa ba. A zaɓi mai dogon batir irin na rimot. Mai batir fale-fale kamar kwabo, irin na agogon hannu, a mayar wa mai shi. Wannan ƙaramin batir in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2, kuma da farko ba lalle a ga wata alama mai tayar da hankali ba, sai dalalar yawu ko ƙin abinci. In ana zargin yaro ya haɗiye shi, asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙirji za a nufa nan take, a cikin Bauchi ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Ba a ɗura masa manja, ba a ba shi madara, ba a sa shi amai. In ya haura shekara 1, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 da faruwa ba, ana ba shi zuma cokalin shayi 2 duk bayan minti 10, har sau 6, a kan hanya. Zumar rage ɓarna take yi, ba magani ba ce, kada a tsaya neman ta a ɓata lokaci. Wanda bai kai shekara 1 ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Ƙananan maganaɗisu ma haka. Guda biyu in suka shiga ciki sukan manne da juna ta jikin hanji su huda shi. Duk sukudireban wasa da aka liƙa wa ɗan maganaɗisu a baki, a duba ko zai iya fita.

Mataki na 3: Allon gyara

Nan ne ya kamata kuɗi da lokaci su tafi. Ku sami kafintan unguwa, ko ku leƙa wajen 'yan katako a kasuwar Muda Lawal, ragowar yanka ma ta isa. Ana buƙatar allo mai tsawon santimita 60, faɗin 40, kauri wajen 2. Ku gaya masa a fili: “Malam, na yara ne. A kashe kusurwoyin nan huɗu, a goge shi sosai har in ka shafa da bayan hannu ba za ka ji sartse ba.” A yi amfani da sukuru, ba ƙusa ba, kuma kada tsinin ko ɗaya ya leƙo ta baya.

Fenti ba dole ba ne. In ana son launi, a sa fentin ruwa. An sha samun dalma a cikin fentin mai, musamman rawaya da ja, kuma yaro komai bakinsa yake kai wa. Mu a Arewa ba baƙin wannan guba ba ne: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wanda ta bari da rai ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Saboda wannan dalili, kada a kwaso wa yaro tarkacen gareji da sunan kayan wasa: kan batirin mota, farantan cikin batirin sola, duk wani ƙarfe da ya sha baƙin mai. Sabon noti ba shi da tsada.

Abu na farko da za a ɗora, kuma wanda ya fi komai riƙe yaro, shi ne noti mai tafiya. Ku sayi dogayen sanduna masu zare guda uku, kowanne kamar santimita 15, da notinsu: wanda sifana 13 ke kamawa, da na 17, da na 19. Kuskuren da ake yi shi ne a huda allon a tsayar da su tsaye. Hakan na da illa biyu: notin zai fita ya shiga baki, yaro kuma in ya faɗa a kai ƙarfe ne a tsaye yake jiransa. Kwantar da su za a yi. Kafinta ya yanka ƙananan katakai biyu ga kowace sanda, ya huda su, a zura notin a tsakiya, a cusa bakin sandar nan da can cikin katakan, a ɗaure su a jikin allo. A bar tazarar yatsu biyu tsakanin sandar da allon don sifana ta samu wurin juyawa. Yanzu notin zai yi ta zirga-zirga daga wannan gefe zuwa wancan, ba shi da hanyar fita. A ɗiga ɗan man keken ɗinki a zaren a goge, don ya riƙa tafiya da yatsa biyu.

Sifanar roba ba za ta kama notin ƙarfe ba. Ko dai kafinta ya zana bakin kowane noti a kan falle mai kauri ya yanko sifanar katako, ko a sayi gajerun na gaske, tunda sifana ba ta da kaifi. A ɗaure kowacce kusa da sandarta da igiyar da ba ta wuce santimita 20 ba. Doguwar igiya wuya take nema.

Na biyu, murafe. A yanko wuyan tsohuwar jarka ko na robar man shafawa tare da ɗan kafaɗarsa, a goge bakin yankan, a ɗaure a allon da sukuru, a mayar da murfin. Guda uku masu girma daban-daban, duk waɗanda suka fi ƙarfin fayif ɗin gwajin nan. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, maganin feshi ko maganin ƙwari ba ta shiga wannan aiki, ko an wanke.

Na uku, 'yar ƙofa. Katako kamar tafin hannun babba, da hinji, da sakata. A manna guntun silifa a bakin don kada ta datse yatsa. A bayanta a liƙa hoton yaron ko na babur, don buɗewar ta zama da lada. Wanda ya kai shekara 4 ana iya ƙara masa kwaɗo, a ɗaure makullin a jikin katako mai girma yadda ba zai haɗiyu ba.

Ragowar fili a cika da abin da aka samu: ƙararrawar keke, kan famfo na roba irin na bokitin alwala, tayar tsohon keken yara da za ta riƙa juyawa, makunnin fitila da ba a haɗa da komai ba.

Abu ɗaya ne nake adawa da shi ƙwarai, ko da yake ana yawan ganinsa a hotunan irin wannan allo a intanet: soket. Wai yaro ya koyi cusa fulogi. Yaron da ya saba tura abu a ramin soket na wasa ba zai bambance shi da na bangon ɗaki ba, wanda ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 230, ga shi kuma wutar tamu ba ta sallama in za ta dawo. A bar soket a wajen wasa, na ɗaki ma da ke ƙasa-ƙasa a toshe su.

In an gama, a kwantar da allon a kan tabarma, ko a kafe shi a bango daidai ƙirjin yaron. Jingina shi kawai ba ya yi, zai jawo shi ya faɗo masa a ƙafa.

Mataki na 4: Wurin bugu, da mota mai ciwo

Guduma sai an ba ta inda za ta sauka. A cika tsohon faranti mai zurfi da yumɓu ko laka mai ɗan danshi, kafinta ya yanko turaku masu kaurin babban yatsan ƙafa, tsawon santimita 10, marasa tsini sosai. Ya buga su su nutse, ya zaro da filaya, a shafe ramukan, a sake. Farin abin nan mai kama da kumfa da ke zuwa cikin kwalin firji yana karɓar turaku da kyau, amma marmashewa yake yi, yara kuma suna cusa shi a hanci. A bar shi.

Sai motar. A samo babban kwali wanda yaro zai iya zama a ciki. A gaba a yanka gefe uku a bar ɗaya, ya zama bonet mai ɗagawa. A ciki a ɗaure ƙaramin kwali a matsayin inji, a huda masa ramuka huɗu a cusa totuwar masara, su ne fulogi. Guntun tiyo ya tashi daga injin zuwa wata roba, ita ce tankin ruwa.

Tayoyin su ne daɗin abin. A huda gefen kwalin, a turo wuyan jarka daga ciki ya leƙo waje, a manne shi ta ciki da gam da salatif. A yanka da'ira daga kwali mai kauri, ko a sami murfin bokitin roba, a huda tsakiyarsa daidai wuyan. A zura tayar, a ɗaure da murfin jarkar. Shi ke nan, an sami tayar da ake kwancewa a ɗaura. A yi guda biyar, ɗaya ta zama safaya.

In akwai yayye a gidan da suka iya motar kara ko ta waya, su ma su riƙa kawo nasu garejin ƙaninsu. Wannan fasaha ta totuwar kara da tayar silifa ta girmi duk abin da ke cikin leda a kasuwa, kuma abin takaici ne yadda take ja da baya a cikin gari. Sai dai a lura, ɓawon kara yana yanka kamar reza, gwangwani da bakin waya ma haka. Manya su ƙera, ƙarami ya yi gyara.

Mai son aikin famfo a yanko masa fayif na inci 1 guntu-guntu, da mahaɗai masu gwiwa da masu baki uku, ba tare da gam ba. Ya haɗa, a zuba ruwa da buta ta sama, a ga inda ke yoyo. Ana gamawa a kifar da bokiti da baho. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya faɗa da ka.

Mataki na 5: Ku zama masu kawo gyara

Duk abin da aka lissafa a sama, in aka tura wa yaro aka koma kan waya, kwana uku zai yi. Abin da ke raya shi shi ne mutum ya zo da matsala. Ba ya cin lokaci, minti 10 bayan la'asar ya isa.

Uba ya turo motar kwali, ya yi sallama kamar gaske.

“Salamu alaikum, Oga bakanike. Sannu da aiki.”

“Yauwa.”

“Motar nan tun daga Yalwa take wani ƙara, ƙyat-ƙyat-ƙyat, ga shi Azare zan tafi. A duba mini.”

Sai ku yi shiru. Wannan shirun shi ne ya fi wuya ga iyaye. Zai ɗaga bonet, ya ƙwanƙwasa, wataƙila ya kama tayar baya alhali fulogi kuka zare. Ku bar shi. In ya gaji ya ɗago kai, ku taimaka da tambaya: “Anya ba ta gaba ƙarar ke fitowa ba? Ramukan nan nawa ne? Fulogin fa, nawa ka gani?” Ya ƙirga ya ga uku ne a ramuka huɗu, ya gano da kansa. In ya gama ku tayar da motar da baki, ta ƙi tashi sau ɗaya, ya sake dubawa, sannan ta kama. Ku yi ciniki. Ya ce dubu, ku ce “Haba Oga, a yi mini ragi, ni fa na gida ne.” A biya da kuɗin takarda da aka yanka ko ganyen darbejiya, ban da kwabbai.

A cikin wannan ɗan wasa yaro ya saurara, ya duba, ya zaɓi abin aiki, ya gwada, ya sake. Ya ji kalmomin ɗaure, kwance, sassauta, matse, ya bambance babba da ƙarami. Ku riƙa kiran sifana da lambarta yadda ake yi a gareji: “Miƙo mini 17.” A rubuta lambar ɓaro-ɓaro a jikinta da kuma kusa da notinta. Ba za a jima ba zai gane 13 da 19 tun kafin a koya masa a makaranta. Ku nuna masa cewa murɗawa dama, yadda hannun agogo ke tafiya, ɗaurewa ce, hagu kuma kwancewa. Yatsu ukun da ke juya noti, su ne dai za su riƙe fensir da alƙalamin allo.

Kaka ta fi kowa iya wannan wasa, don ita ba ta gaggawa. Ta miƙo tsohuwar tocilarta da aka cire wa batir: “Kai maigida, miji har miji amma fitilar matarsa ta mutu? In ba ka gyara ba na sake wani.” Zai zauna a kanta har a kira magariba.

Kada a ce na maza ne kawai. Ummi ma a ba ta sifana. Matan da ke aiki da keken ɗinki da injin markaɗe kullum cikin ɗaure noti da gyaran bel suke, kuma tun 2004 Sandra Aguebor ta kafa shirin koya wa mata kanikanci a ƙasar nan. In yarinya ta fi son ta gyara gadon 'yartsanarta ko keken ɗinki na kwali, gyara dai gyara ne. Haka kuma kada a ɗora wa wasan buri. Ba don yaro ya zama injiniya ake yi ba, ko da yake Bauchi, garin da aka taɓa harhaɗa tarakta da manyan motoci a kamfanin Steyr, bai kamata a raina mai riƙe sifana a cikinsa ba.

Dabarar da ke sa kayan su daɗe ba su gundure shi ba ita ce ɓarna ɗaya a rana. Kafin ya tashi barci, a kwance taya guda, ko a kai notin 19 can ƙarshe, ko a rufe kwaɗo. Da safe a ce, “An kawo aiki cikin dare.” A kuma riƙa ɓoye rabin kayan, bayan mako biyu a fito da su a ɓoye waɗancan.

Akwai wasannin gyaran mota a waya, yara na son su. Shafa gilashi ba ya ƙarfafa yatsa, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa 1 a yini.

Mataki na 6: Dokokin gareji

Uku sun isa, a faɗe su tun ranar farko. Guduma turaku take bugu, ba mutum ba, ba akuya ba. Kayan aiki ba sa zuwa kusa da soket ko wayar wuta. In an tashi aiki a tattara. Wanda ya karya doka, a rufe gareji sai gobe, ba tsawa ba duka. Sau biyu za a yi ya gane.

Don tattarawa, a ɗora kowane abu a kan kwali a zagaye shi da maka, a rataye ko a ajiye shi a kan zanensa. Da kallo ɗaya za a ga abin da ya ɓata, kafin mai rarrafe ya riga ku gani. Naku kayan na gaske kuma, musamman testa, reza da ƙusoshi, a ɗaga su sama a kulle, don yanzu idonsa ya buɗe a kansu.

Mataki na 7: In ya fara raina na roba

Wajen shekara 5 zai ce shi irin na Baba yake so. Ana iya fara shi da gajeren sukudireba mai kauri, mai baki gicciye, don ya fi mai faffaɗan baki zama a kan sukuru. Babba ya fara ɗaura sukurun a katako mai laushi ya kwance, sannan ya miƙa masa ya bi ramin. Yana zaune, kuna gefensa, ɗaya hannun nasa nesa da bakin. Ana gamawa a ƙirga sukurun a karɓe.

Abin kwancewa a zaɓa da hankali: tocila marar batir, ƙararrawa, sirdin kekensa. Ban da tsohuwar talabijin, sitabilaiza ko inbata, don wasu na riƙe wuta ko an zare su. Ban da batirin waya, yana kamawa da wuta in an huda shi. Ban da ƙwan fitila mai murɗaɗɗen gilashi, akwai sinadarin makyuri a ciki. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Ku riƙa tafiya da shi in za ku kai babur faci. Ya tsaya gefe ya ga yadda ake hura tub a tsoma a ruwa, a bi kumfa har a kama hudar. A gida a maimaita da tsohon tub ɗin keke da baho, shi ya nemo kumfar, ya sa alama da alli, ya manna salatif. Wajen mai walda ne kawai ba a tsayawa da yaro, hasken yana ƙona ido ko daga nesa, yaro kuwa ba zai iya kau da kai ba.

Duk ranar Juma'a ko wata rana da kuka tsayar, a ɗaga allon a girgiza, abin da ya yi motsi a ɗaure. A bi katakon da hannu, don sanyin hunturu yana busar da shi ya tsage. Kayan roba kada su yini a tsakar gida, zafin Maris da Afrilu na Bauchi yana gasa roba ta yi ƙamas ta fashe, wanda ya tsage kuma a jefar, ba a liƙewa. In za a ajiye injin huda na kwanaki a zare masa batir, in kuwa an ga farin gari a ɗakin batirin, a goge da tsumma a wanke hannu kafin a sa sabo.